Ƙumbar Teku a Kan Dutsen Atlas

Ƙumba ce. Ƙumbar teku, faɗinta kamar tafin hannun yaro, bakinta a lanƙwashe, bayanta layi-layi kamar an yi mata kitso, sai dai ta rikiɗe ta zama dutse. Ni na tsince ta da hannuna, ba labari aka ba ni ba, kuma wallahi ba a bakin teku ba ne. A kan tudu ne, wayata tana nuna mun haura mita 1,300 daga doron teku, iskar sanyi tana yankar kunnena, ga tsaunin Tubkal can kudu ya sha farin rawani na dusar ƙanƙara, teku mafi kusa kuwa sai ka yi tafiyar sama da kilomita 150 yamma kafin ka shaƙi iskarsa. Ina cikin jujjuya ta sai na dubi ƙasa, ashe duk inda na taka 'yan'uwanta ne birjik, wasu a farfashe, wasu manne da juna cikin farin dutse. Me ya kawo ƙumba nan? Wa ya hau da ita?

Bari in koma baya, na san na faro daga tsakiya, zumuɗi ne.

Ziyara ce ta kai ni Maroko bayan ƙaramar Sallar 2024, ni da ayarin 'yan'uwa, zuwa zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Da aka kammala ayari ya juya gida, ni kuwa na tsaya, don ɗan ƙanwata yana karatu a Marakesh, uwarsa kuma ta ɗaure ni da alkawarin in je in ga idonsa, in kai masa kilishi da yaji. Ilimin ƙasa da duwatsu yake karantawa. A gida dariya ake yi masa, har da ni a masu dariyar: yaro ya ƙi likita, ya ƙi injiniya, ya tsallaka sahara karatun tsakuwa! Ni ɗan Gombe ne, cikin duwatsu na tashi, kuma a sanina dutse shi ne abin da ba ya motsi. Bima yana nan inda kakana ya bar shi. Dala tana nan, Kufena yana nan. In aka ce da mutum dutse, ai an gama yabonsa. To me za a karanta a jikin abin da ba ya yin komai?

Jirgin ƙasa ya kwashe kusan awa bakwai da ni daga Fas zuwa Marakesh, na isa da dare. Da asuba bayan salla yaron ya ce, "Kawu, zo mu hau sama." Muka hau rufin gidan da yake haya, ya juya ni kudu. Kai! Ganuwar tsaunukan Atlas ce ta tare rabin sararin sama, daga gabas har yamma, ƙasanta shuɗi-shuɗi, samanta fari fat. Marakesh tana shimfiɗe a fili, mita 460 da 'yan kai daga doron teku, sannan ba gaira ba dalili ƙasa ta miƙe tsaye har mita 4,167 a ƙololuwar Tubkal, tazarar kilomita sittin da wani abu kacal. Tsaunin da ya fi kowanne a Najeriya, Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne. Na ce masa, "To wannan ai tun ran gini tun ran zane." Ya yi murmushi irin na yaron da ya san ya kama babba. Ya ce, "Kawu, duwatsun da ke jikinsa tsofaffi ne, amma tsawon nan da kake gani jariri ne. Kuma bai gama girma ba. Watanni bakwai da suka wuce ma ya ƙara."

Na san abin da yake nufi, girgizar ƙasar da muka gani a talabijin. Ban dai taɓa haɗa ta da girman dutse ba. Nan take na ce a nemo mota.

Direbanmu mutumin cikin duwatsun ne, yarensa Tashelhit, ɗan'uwan yaren Buzayenmu na Agadas. Da ya ce "adrar" yana nuna tsauni sai na ji kamar na san kalmar daga bakin masu shayi a gida. Muka bi ta Tahannaut, hanya ta kutsa cikin matsatsin Mulai Brahim, sai launi ya fara canzawa kamar ana buɗe shafukan littafi: toka-toka, sannan ja jawur kamar an barbaɗa jan-kanwa, sannan fari a can sama. Tantuna kuma ga su nan a gefen ƙauyuka, shuɗi da rawaya, mutanen da gidajensu suka rushe suna ciki har lokacin. Kafin Asni muka karkata muka hau tudun Kik, wani shimfiɗaɗɗen fili a sama mai gonakin alkama da sha'ir. A nan ne na tsinci ƙumbar.

Na ce, "Wani ne ya ci ya yar?" Yaron ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in duba da kyau, ba a kan dutsen take ba, a cikinsa take; dutsen ma kansa garin irinta ne da ya dunƙule. Nan ta rayu, nan ta mutu, a ƙarƙashin ruwan gishiri. Ƙasar ce ta tashi da ita.

Sai ya zaunar da ni a kan wani falalen dutse, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, kuma abin da ya faɗa min shi ne abin da nake ta bai wa mutane labari tun da na dawo har sun fara guduna. Kun san kududdufi, ramin da ake haƙa a ɗebi ƙasar gina ganuwa, damina ta zo ta cika shi? To Atlas kududdufi ne. Kududdufin ne da kansa ya tashi ya zama ganuwar!

Ga yadda abin yake. Shekara miliyan 250 da suka wuce babu Tekun Atlantika. Nahiyoyi duka a haɗe suke wuri guda, dunƙulen da masana ke kira Panjiya, kuma Maroko tana jingine da gabashin Kanada, wajen da ake kira Nova Scotia a yau, da ƙafa za ka taka ka je. Sai dunƙulen ya fara yagewa. Ƙasa ta ja ta nan, ta ja ta can, ta tsattsage, tsakiyar ta lotsa ta zama dogayen kwaruruka. Koguna suka yi ta zuba yashi da laka a ciki, cikin zafi da fari, ƙarfen da ke cikin yashin ya yi tsatsa: jan dutsen da muka wuce ke nan. Ruwan teku ya riƙa leƙowa yana ƙafewa yana barin gishiri, wanda har yau ake haƙa a wajen Telwet, a can cikin tsaunuka. Wajen shekara miliyan 201 da suka wuce kuma ƙasa ta yi aman wuta irin wanda ba a cika samu ba a tarihinta, narkakken dutse ya malale a Maroko da Amurka ta Arewa da Brazil da Andalus a kusan lokaci guda, halittu masu ɗimbin yawa suka ƙare. Baƙin layinsa yana nan kwance a kan jan dutsen kamar an ja kwalli. Daga nan teku ya shigo sosai, ya yi ta tara farin dutse har kaurin kilomita da dama a tsakiyar kwarin.

Tsaga biyu ne suka yi takara. Ta yamma ta ci gaba da buɗewa har ta zama Atlantika. Ta Atlas kuwa ta gaji a hanya, ta tsaya, ta zauna a matsayin tsohon tabo a jikin Afirka.

Sai labari ya juya. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, faifai-faifai ne masu tauri da ke zamewa a hankali a kan dutse mai zafi na can ƙasa, wanda ba ruwa ba ne amma yana nashewa kamar kwalta a tsakar rana. Wajen shekara miliyan 84 da suka wuce faifan Afirka ya canza alƙibla, ya doshi Turai. Da matsi ya zo, ina zai fashe? Ai inda aka taɓa karyewa nan ke fara ciwo. Tsagogin nan da ƙasa ta bi ta sauka, su ɗin dai ta sake bi ta hau. Abin da ya cika ramin, yashi da gishiri da farin dutse da ƙumba, duk aka matse shi ya bulbulo sama, kamar ka tura hannu ka juyo aljihun riga waje. Mafi yawan wannan aiki cikin shekara miliyan 40 na baya-bayan nan aka yi shi, bayan teku ya janye daga yankin.

Ina jin "miliyan 84" da "tsagar da ta gaji a hanya" sai yaron ya kalle ni ya ce, "Kawu, ba ka gane gida ba?" Kwarin Binuwai! Shi ma ashe tsaga ce da ta buɗe lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, ta gaji, teku ya shiga cikinta har ƙasar Gombe, kuma wancan juyin na faifan Afirka ya matse shi ya lanƙwasa duwatsunsa. Nan take na tuna da wasu duwatsu masu naɗi kamar katantanwa da ake tsinta a wajen Ashaka da Pindiga, muna yara muna wasa da su. Simintin Ashaka da muka gina gidajenmu da shi, ashe ƙasan teku ne! Na yi shekara hamsin da wani abu ina zaune a kan amsar, sai da na zo Maroko aka yi min tambayar. Bambancin kawai, namu ya samu ɗan matsi ya huta, nasu kuwa yana bakin fagen fama, Turai tana gabansa. (Wani abin kuma: tekun nan na ƙarshe da ya rufe tsakiyar Maroko shi ya bar musu fosfat ɗin da ke Khuribga da kuma Bengerir, wadda jirgina ya ratsa ta, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da aka sani a duniya. Har takin zamanin da ake haɗawa a Najeriya ana sa shi. Masararmu tana cin ƙashin kifin Maroko.)

Na ɗauka an gama. An matse rami ya zama tsauni, shi ke nan, a kawo shayi. Ashe ainihin abin mamakin yana gaba.

A Wirgan muka kwana. Bayan isha'i, ana zuba mana shayin na'ana'a daga sama yana kumfa, yaron ya ce, "Kawu, Atlas fa ba shi da saiwar da ta kai tsawonsa." Ya tambaye ni, in na jefa gungumen itace a dam ɗin Dadin Kowa, wanne ya fi yawa, abin da ke sama ko abin da ya nutse? Na ce wanda ya nutse mana. Ya ce haka tsauni yake yawo a kan abin da ke ƙarƙashinsa: duk kilomita ɗaya da ya tashi sama, yana bukatar saiwar kilomita biyar zuwa shida a ƙasa ta ɗauke shi. Ɓawon ƙasa a fili kaurinsa wajen kilomita 35 ne. A ƙarƙashin Tibet da Himalaya ya kai 70, shi ya sa suka yi wancan tsawon. To da aka auna na Atlas, ta hanyar tayar da nakiya a saurari yadda ƙarar ke dawowa daga cikin ƙasa, sai aka ga da ƙyar yake kai 40. Kuma da Antonio Teixell na Barselona da abokan aikinsa suka bi lanƙwasar duwatsun ɗaya bayan ɗaya, suka "warware" su a takarda a 2003, sai suka ga matsin bai rage faɗin tsakiyar Atlas da fiye da kashi 15 zuwa 24 cikin 100 ba. Wannan ɗan matsi ba zai ba da tsaunin mita 4,000 ba. Lissafi ya ƙi fita. Gini ya fi ƙarfin harsashinsa, amma ga shi a tsaye.

Na ajiye kofi. Na ce, "To uban me ya riƙe shi?"

Zafi! A ƙarƙashin tsakiyar Afirka ta Yamma kaurin faifan mai tauri ya kai kilomita 200. A ƙarƙashin Atlas ya siranta ya koma wajen 70 zuwa 80, dutse mai zafi ya taso ya cike gurbin. Abu mai zafi kuwa ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya ɗago duk abin da ke kansa, kamar ƙullun waina da ya kwana ya ture murfi. Wannan zirin zafi ya ratsa Maroko a karkace, daga wajen tsibiran Kanari zuwa arewa maso gabas, kuma ya bar sawu: tsaunin Sirwa mai mita 3,304, tsohon dutse mai aman wuta da ya yi aiki tsakanin shekara miliyan 11 da miliyan 2 da suka wuce, wanda a gindinsa ake noman za'afaran na Taliwin; da kuma ƙananan bakunan wuta na wajen Azru da Timahdit, wasunsu ko shekara miliyan ɗaya ba su cika ba. Masana suna ta jayayya, wasu na cewa daga ƙarƙashin Kanari zafin ya gangaro, wasu na cewa gindin faifan ne ya yi nauyi ya ɓalle ya nutse, mai zafi ya maye wurinsa. Ni dai ina sauraro, tsigar jikina tana tashi, don gadon da zan kwanta a kai daren nan ashe tururi ne ya tallafe shi.

Yaushe aka yi wannan ɗagawar? Nan ne ya ƙarasa ni. Kudu da Fas akwai wani wuri, Skura, a cikin Atlas ta Tsakiya. A can Julien Babault da abokansa suka bayyana a 2008 cewa akwai lakar teku da ba ta wuce shekara miliyan 5 zuwa 7 ba, kwance lafiya lau ba a lanƙwasa ta ba, a tsawon mita 1,200. Ba matsi ne ya kai ta can ba, da ta lanƙwashe. Ɗaga ta aka yi ɗungurungum, kamar an ɗauki tire. Wato wajen mita 1,000 cikin shekara miliyan 5, kashi ɗaya cikin biyar na milimita a shekara. A lissafin duniyar da ta shekara miliyan 4,500, wannan ai ɗazu ne da hantsi. Sannan ya ƙara min da wadda ta sa na yi salati: filin da Fas da Miknas suke a kai, shekara miliyan 7 zuwa 8 da suka wuce mashigin ruwa ne da ya haɗa Atlantika da Bahar Rum. Da ƙasa ta tashi ta toshe shi, ta taimaka wajen yanke Bahar Rum daga uwar teku har ya kusa ƙafewa, ya bar gishiri mai kaurin sama da kilomita a wasu wurare, kafin ruwa ya ɓallo ta Jibraltar shekara miliyan 5.3 da suka wuce. Inda na yi kwana huɗu ina wazifa, kifi ya riga ni zama!

Shi kuwa dutsen da ke ƙololuwar Tubkal, aman wuta ne na sama da shekara miliyan 540, ya girmi duk wata dabba mai ƙashin baya. Tsoho ne tukuf aka ɗora a kan sabuwar kujera. Duwatsunmu na gida irin su Kufena da Kwatarkwashi akasin haka ne: ruwa da iska ne suka cinye ƙasar da ke kewaye da su, suka bar su a tsaye. Namu saura ne, nasu ƙari ne.

Ban yi barcin kirki ba. Da gari ya waye ina ta zuba, ina yi wa direba bayani ta bakin yaron kamar ni na gano abin, muka kama hanyar kwarin kogin Nfis. Kogin ya yanka dutse ya yi zurfi, can sama a jikin gangare kana hango tsakuwar tsohon gadonsa a rataye, alamar ƙasa tana tashi shi kuma yana sara. Ina ta nuni da yatsa. Sai muka shiga Talat n Yaƙub, bakina ya mutu.

Gari ne aka niƙa. An kwashe ɓaraguzai da yawa, amma ga benaye sun durƙusa, ga rodi a murɗe, ga layin tantuna da ɗakunan kwantena. Ranar Juma'a ce, 8 ga Satumba 2023, ƙarfe 11:11 na dare, girgiza mai ƙarfin maki 6.8, cibiyarta kusa da Ighil, kilomita 70 da 'yan kai kudu maso yamma da Marakesh. Sama da mutum 2,900 suka rasu, gidaje sama da 50,000 suka rushe ko suka tsage. Tun da aka fara auna girgiza da na'ura, ba a taɓa samun mai ƙarfinta a cikin ƙasar Maroko ba. Direbanmu, wanda tun jiya yake ta raha yana kirana "Alhaj", ya rage gudu. Ya ce ƙarar ce ta fara zuwa, kamar babbar mota ta taho ta ƙarƙashin ƙasa. Na tambayi danginsa. Ya fara ƙirge da yatsu a kan sitiyari, hannu ɗaya bai isa ba. Muka yi musu addu'a. Can kuma ya nuna wata ƙorama ya ce ta shekara da shekaru a bushe, washegarin girgizar ta kawo ruwa.

Karayar a zurfin kilomita ashirin da wani abu ta faru, ba ta ma fito fili ba. Ɓangare ɗaya na ƙasa ya hau kan ɗaya, kuma masana da yawa suna danganta ta da tsagar Tizi n Test, wadda muke tafe a kanta, ɗaya daga cikin tsofaffin tsagogin da suka fi Atlantika shekaru. Taurarin ɗan'adam na Turai, Sentinel-1, suka gwada hoton kafin da na bayan, suka ga wani yanki na tsaunin ya tashi da santimita 15 zuwa 20. Taƙi guda ke nan na hannun babban mutum. Na yi lissafin 'yan kasuwa a raina: in aka bi ma'aunin Skura, tashin shekara dubu ne aka yi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Abin da nake ta murna da shi tun jiya, tsauni yana girma, ga yadda yake girman. Kunya ta kama ni.

Abin da ke yaudarar mutane a nan shi ne sanyin tafiyar. Afirka da Turai suna kusantar juna da milimita 4 zuwa 5 a shekara a wannan ɓangare, kuma yawancin wannan a arewa ake shanye shi, a tsaunukan Rif da kudancin Andalus. Abin da ya iso Atlas bai fi milimita ɗaya ba. Ƙumbar yatsanka (ga wata ƙumbar kuma!) tana yin sama da haka cikin sati biyu. A rayuwar mai shekara 70, faɗin yatsu huɗu ke nan. Sai dai dutse ba ya biyan bashin a kowace shekara. Tarawa yake, tsaga ta cije, ƙarni ya bi ƙarni, jika ya manta abin da ko kakansa bai gani ba, sannan a biya gaba ɗaya a dare guda.

Shaida tana Tinmel, 'yar tafiya kaɗan gaba. A wannan ƙauye ne Ibn Tumart ya kafa da'awarsa, daga nan mabiyansa Muwahhiduna suka sauka suka ci Marakesh a 1147, suka mallaki ƙasa daga Andalus har Tunisiya. Masallacin da suka gina a nan a tsakiyar ƙarni na 12 ya yi sama da shekara 850 bangonsa da hasumiyarsa suna tsaye, rufi ya tafi amma su suna nan, ana ma cikin gyaransa. Daren nan ya zube. Na tsaya a gaban abin da ya rage, ginshiƙan tubali an tallafe su da katako da ƙarfe, yaron ya ce a hankali, "Kawu, wannan masallacin shi ne ma'auninmu. Duk tsawon zamansa bai gamu da irin wannan ba." Ga mutum, shekara 850 har abada ce. Ga tsagar da ke ƙarƙashinsa, tsakanin numfashi ne da numfashi.

Ba wai ba a taɓa yin gargaɗi ba. A ƙarshen wannan layin duwatsu, inda Atlas ya faɗa teku, girgizar daren 29 ga Fabrairu 1960 ta hallaka mutum 12,000 zuwa 15,000 a Agadir, kusan sulusin garin, alhali ƙarfinta 5.8 ne kawai. Ta zo ne dab da saman ƙasa, a ƙarƙashin gari. Na ji masu cewa ginin ƙasa ne ya kashe mutane a girgizar 2023, a koma siminti a huta. Ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, don da idona na ga benen siminti a kwance. Gidajen ƙauyukan nan sun yi kama da sorayenmu: bango na ƙasa da dutse, a shimfiɗa itace kamar azara, a tula ƙasa mai nauyi a kai. Inda aka jera duwatsun rafi masu santsi da laka kawai, ko aka ɗora dakin siminti a kan tsohon bangon ƙasa, ko kusurwa ba ta ɗaure da kusurwa ba, nan rufi ya sauko a kan masu barci. Ajali na Allah ne, babu musu. Amma ɗaurin bango aikin magini ne. Gwamnatin ƙasar ta ware dirhami biliyan 120 na shekara biyar don sake gina yankin, dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe duka, 80,000 ga wanda nasa ya lalace. Fatana a kashe su a kan ɗaurin, ko da wane irin abu za a yi ginin.

La'asar sakaliya muka kai mashigar Tizi n Test, wajen mita 2,100, bayan lanƙwasa da ta fi ƙarfin ƙirge, ga duwatsun da girgizar ta mirgino an ture su gefen hanya, wani ya kai girman ɗaki. Na fito na leƙa kudu, sai ƙasa ta yanke a gabana, kwarin Sus yana can ƙasa cikin hazo, bayansa tsaunukan Anti-Atlas, bayansu sahara, bayanta gida. Na taka ƙasa da ƙarfi, ban san me nake son ji ba. Shiru. Iska kawai da kukan akuya. Na sa hannu a aljihu na taɓa ƙumbar, na juya na ce da yaron, "Ɗana, na janye dariyata. In mun koma ni zan yi wa uwarka bayani." Ya ce, "Kawu, a ƙara kilishi dai."

Don haka 'yan'uwa masu zuwa ziyara Fas, ku ƙara kwana biyu a kan tafiyarku. Daga Marakesh zuwa Asni bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba a motar haya. Ku tafi da rigar sanyi ko da bazara ce, ku sayi gyaɗar dutse da tuffa a hannun mutanen ƙauyukan don suna bukatar cinikin, kada ku yarda da duwatsu masu ƙyalli ja da shunayya da ake tallar su a bakin hanya, yawancinsu rini ne. In kun hau tudun Kik, ku bar kallon Tubkal na minti biyar, ku duba ƙarƙashin takalminku.